Hawainiya ko yautai: wa ya fi iya ɓad-da-kama a dajin nan namu?

Ɗan Fadama (Kware): Assalamu alaikum 'yan gida. Ga hoto nan, yau da hantsi na ɗauke shi a gonarmu muna shara. Akwai tsuntsu a ciki, babba, ba ɗan tsako ba. Wanda ya fara nuna mini inda yake yana da katin ɗari biyar.

Maman Khalifa (Mabera): Wa'alaikumus salam. Ni dai busasshen ganye nake gani da karan dawa da tsakuwa. Na ja hoton har ya dushe. Ko dai zafin bazarar nan ne ya fara taɓa ka?

Modu (Tsohuwar Kasuwa): Tsuntsun ya tashi kafin ya danna. Ku daina wahalar da idonku.

Ɗan Fadama: Wallahi yana nan. Ni kaina saura taku biyu in ɗora masa ƙafa. Abin da ya tsayar da ni, sai na ga kamar guntun itace ya buɗe ido.

Kawu Maharbi (Gwadabawa): Yautai na. Ku duba hagu ga kututturen ga, inda ganye yat taru. Ga wutsiya nan ta miƙe awa kara. Bisa ƙwai take kwance, shi yas sa ba ta tashi ba. Yaro, aiko katina.

Maman Khalifa: La'ilaha illallahu! Ga shi kuwa ɓaro-ɓaro. Yanzu kuma na rasa yadda aka yi ban gan shi ba tun farko.

Ɗan Fadama: Kawu, Allah ya ƙara girma, katinka na tafe. Kuma gaskiyarka, da na ƙara matsawa ta tashi fir, ta sauka can gaba kaɗan. Ƙwai biyu ne a ƙasa tsurarsu, ba sheƙa, ba ko tsinke ɗaya da ta tara. Masu dabbare-dabbare, sak tsakuwar wurin. Na juya in kira ƙanena ya zo ya gani, ina waiwayowa na nemi ƙwai na rasa. Sai da muka tsuguna mu biyu muna bin ƙasa da ido kamar masu neman allura.

Modu: To an ji, yautai ya yi ƙoƙari. Amma in ana maganar ɓad-da-kama a ba hawainiya rawaninta. Shi yautai riga ɗaya gare shi. Ita kuwa ɗora ta kan jan zane ta zama ja, mai da ta kan shuɗi ta zama shuɗiya.

Malam Nasiru (Runjin Sambo): Malam Modu, da hannunka ka gwada ko ji ka yi? Don ni na gwada. Kusan duk shekara sai ɗalibai sun kawo mini hawainiya aji cikin kwali, kuma duk shekara sai mun ɗora ta kan jan ƙyalle, da farar takarda, da shuɗin hijabin wata ɗaliba. Ko sau ɗaya ba ta zama ja ba. Abin da take yi, ta yi duhu, ɗigo-ɗigo su fito mata, ta kumbura, ta hangame baki. Wannan ba sajewa ba ne, tsoro ne da fushi. Yawancin rikiɗar hawainiya magana ce take yi da fatarta: namiji ya ga ɗan'uwansa namiji, ko yana neman mace, ko macen tana cewa a ƙyale ta. Sai kuma sanyi da zafi. Da sassafe lokacin hunturu za ka tarar ta yi baƙi-baƙi tana shan hantsi, domin baƙi ya fi zuƙar zafi. Da dare kuwa in tana barci fayau take komawa, har masu nazarinta da tocila suke fita nemanta, don a lokacin ta fi sauƙin gani a cikin ganye.

Modu: Malam, hawainiyarka ta kiyayi ramata. Abin da muka taso muka ji tun kaka da kakanni shi za ka rushe da jan ƙyalle ɗaya?

Malam Nasiru: Ai ban ce ba ta ɓuya ba. Korenta na yau da kullum ya dace da ganye, tana kuma iya ƙara duhu ko haske kaɗan. Abin da na musa shi ne a ce tana kwafe launin duk abin da ta taka. A 2015 masu bincike a Jami'ar Janeba ta ƙasar Suwizalan sun duba fatar wata hawainiyar Madagaska, tsibirin da kusan rabin ire-iren hawainiyar duniya suke. Suka tarar a cikin fatar akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli, jere reras. In hankalinta kwance yake, ƙwayoyin a matse suke, sai su mayar da shuɗin haske, ya haɗu da rawayan da ke saman fata ya ba da kore. In ranta ya tashi sai jerin ya buɗe, launi ya koma rawaya ko ja. Ka ga ke nan lokacin da ta fi rikiɗa shi ne lokacin da take son a gan ta.

Kawu Maharbi: Malamin makaranta ya yi gaskiya, amma bai kai ga gindin magana ba. Ba kala ka ɓoye dabba ba, rashin motsi na. Shekarata arba'in da wani abu ina shiga daji. Zomo ba shi rikiɗa, amma sai ka wuce shi da taku ukku shina laɓe gindin sabara, kunnuwa kwance bisa baya. Ba ka ganinai sai in shi yar razana yat tashi. Ɗan barewa uwa ka aje shi cikin haki ta tahi kiwo, ko kare ya biyo kusa ba shi ɗaga kai. Ita hawainiyar ma ku dubi tahiyarta: ta ɗaga ƙahwa, ta yi gaba ta yi baya, awa ganyen da iska ka kaɗawa. Wagga tahiya ita ka tsare ta, ba rini ba.

Maman Khalifa: Ashe tafiyar hawainiya da muke yi wa yara gori da ita dabara ce.

Kawu Maharbi: Dabara ta, ɗiyata. Mu ma ga dabbobi munka koya. Kun san burtu? Maharban da, da kan burtu sunka riƙa hwarauta. A sassaƙa icce a lanƙwasa shi awa wuya, a rufe da hwata, a sa mai bakin burtu na gaskiya, mutum ya ɗaura ga goshi, ya lulluɓa baƙin bargo, ya duƙa. Kana rarrahe kana sunkuyar da kai awa mai tsince-tsince. Barewa ta saba ganin burtu cikin daji, ba ta gudunai. Na ga babana ya shiga tsakiyar zabin daji da shi har yak kai inda kibiya ka isa. Amma in ka yi gaugawa, ko iska ta juya ta kai musu warinka, aiki ya ɓaci. Yanzu na babana na nan rataye ɗaka. Barewar ma ina take? Dajin kuma kun san halin da shike ciki.

Aisha (ɗaliba, Dundaye): Kawu, wannan a karatunmu dabara ce daban da ta yautai. Yautai so yake kada a gan shi sam. Mai burtu kuwa an gan shi, sai dai an ɗauke shi wani abu ne da ba shi da haɗari. Irin ta ƙoƙi-ƙoƙi ke nan da ƙwaron nan mai kama da tsinke. Akwai ma tsutsar wani malam-buɗe-littafi da ke cin ganyen lemo, tana ƙarama sak kashin tsuntsu take, baƙi da fari. Tsuntsu ya gan ta sarai, amma wa zai ci kashinsa?

Modu: Wannan kam ta sayar da mutunci ta sayi rai.

Malam Nasiru: Aisha ta kawo mu inda nake son zuwa. Duk lokacin da aka ce dabba ta ɓuya, a tambaya: daga idon wa? Mu da idonmu muke auna komai, alhali ba don mu aka yi rigar ba. Ku dubi damisar Indiya mai ratsi, ruwan lemo ce ƙal, ka ce ta yaya wannan za ta ɓuya cikin koren daji. To dabbobin da take farauta, dangin barewa, ba sa bambance ja da kore yadda muke yi. A idonsu ita da ciyawar kusan launi guda ne. Akuyarki ma, Maman Khalifa, haka take. Tsuntsaye kuma sun fi mu, suna ganin wani haske da idon mutum ba ya kamawa. Don haka ƙwaron da ya saje a idonka yana iya zama a fili a idon tsuntsu.

Umaru Basarke (Goronyo): Ku 'yan tudu kun cika surutu, ku zo ruwa ku ga aiki. Ɗauki tarwaɗa ka juya ta: baya baƙi, ciki fari. Karfasa haka, giwan ruwa ma bayansa ya fi cikinsa duhu. Tsuntsun da ke sama in ya leƙo, bayan ya haɗe da duhun ruwa. Wanda ke ƙasa in ya ɗaga ido, farin cikin ya haɗe da hasken sama. Amma ga tambaya ga malamai: akwai wani irin kurungu da muke kamawa, shi cikinsa ne baƙi. Me ya sa?

Aisha: Baba Umaru, ba shi ne mai iyo a rigingine ba?

Umaru Basarke: Yarinyar nan ta iya. Shi ne. Da yamma in ruwa ya kwanta za ka gan su sun taso sama, ciki sama baya ƙasa, suna tsotsar abin da ke bisa ruwa. Wanda bai sani ba sai ya ce matacce ne, ya kai hannu ƙaya ta soke shi. Tunda ya juya kwanciya, sai rininsa ma ya juya.

Malam Nasiru: Wannan misalin ya fi duk wanda ke cikin littafin da nake koyarwa da shi, kuma gobe zan kai shi aji. Kifin nan har a zanen kaburburan Misirawan da yana nan a rigingine. A tudu ma dokar tana aiki ta wata fuska. Rana daga sama take dukan dabba, baya ya yi haske, ciki ya yi inuwa, inuwar nan ce ke nuna wa ido cewa ga abu mai jiki. To in bayan ya yi duhu cikin ya yi fari kamar na barewa, sai su kashe juna, dabbar ta yi shafal kamar ba ta da kauri. Wani mai zane Ba'amurke, Abbott Thayer, shi ya yi bayanin wannan a 1896. Sai dai daga baya ya zarce, ya ce kusan duk launin da ke jikin dabba na ɓuya ne, har da wani tsuntsun ruwa mai launin hoda, wai yana sajewa da jan sararin faɗuwar rana. Theodore Roosevelt, tsohon shugaban Amurka, wanda shi ma maharbi ne, ya yi masa ca a rubuce.

Modu: To jakin dawa fa? Ni a talabijin na ji an ce zanensa rikita zaki yake yi.

Buba (Tangaza): Kai Babarbare, ina kai ina maganar dabbobi? Tsaya kan barkono da kanwa. Bawa ba ya shiga zancen iyayen gidansa.

Modu: Ji Bafillace! Wanda in an ba shi waya sai ya tambaya ina ake zuba mata dusa.

Malam Nasiru: Ku bari in raba ku, don amsar ta fi shafar Buba. An daɗe ana cewa zanen jakin dawa na rikita zaki ne ko na sajewa da ciyawa, amma hujjar da ta fi ƙarfi yanzu ita ce ƙudaje masu cizo. A 2019 a Ingila an sa wa dawaki riguna masu zanen baƙi da fari, ƙudajen suna zuwa amma sai su kasa sauka daidai, su yi karo su wuce. A shekarar kuma a Japan an shafa wa baƙaƙen shanu farin fenti ratsi-ratsi, ƙudajen da ke sauka kansu suka ragu da kusan rabi.

Buba: Malam, in na shigo kasuwar Achida da bijimi mai zanen jakin dawa, wa zai taya? Cewa za a yi aljanu sun taɓa ni. Amma zancen ƙuda gaskiya ne, da damina shi ke hana shanu kiwo, suna ta kaɗa wutsiya suna rama.

Ustaz Kabiru (Gidan Igwai): Ina bin ku tun ɗazu. Tsorona ɗaya, kada a yi ta cewa dabba ta yi dabara, kifi ya juya rininsa, kamar su suka tsara wa kansu. Wanda ya halitta su Shi ya ba kowanne abin da zai rayu da shi.

Malam Nasiru: Allah ya gafarta malam, ba mu saɓa ba. Babu yautan da ya zauna ya zaɓi rigarsa. Abin da ilimin nan ke bi shi ne sababi, kamar yadda muka san Allah ke ba da ruwa amma muna karanta yadda hadari ke haɗuwa. Ga misali da aka gani da ido. A Ingila akwai wani ƙwaro dangin malam-buɗe-littafi mai tashi da dare, fari mai ɗigon baƙi, da rana yana manne a jikin itatuwa masu haske. Da masana'antu suka yawaita, hayaƙin gawayin kwal ya baƙanta itatuwa. A 1848 aka fara samun baƙinsa a Mancesta. Kafin 1895 kusan 98 cikin 100 na waɗanda ke garin baƙaƙe ne. Ba wanda ya rina su. Tsuntsaye ne suka riƙa tsince fararen da suka fito fili, baƙaƙen suka tsira suka hayayyafa. Da aka kafa dokar tsabtace iska a 1956 hayaƙi ya ragu, sai fararen suka sake rinjaye.

Ustaz Kabiru: In a haka aka tsaya, ba ni da ja.

Ɗan Fadama: Malam, to ni ma na ga irin wannan. Inda muka ƙone kara wancan makon, farar da ke tsalle cikin tokar baƙa ce ƙirin. Ta gefen da wuta ba ta ci ba kuwa ruwan ƙasa ce.

Malam Nasiru: Ka lura da kyau, kuma an san wannan a dazukan Afirka da ake ƙonawa. Sai dai hanyar ta bambanta da ta Ingila. Wasu ire-iren fara su da kansu suke yin duhu in sun zauna kan ƙonanniyar ƙasa, musamman ƙananan da ke saɓa. Masu hasken da suka rage kuma tsuntsaye su gama da su.

Maman Khalifa: Tunda an zo kan fara, ni mai suyarta ce. Me ya sa farar tumfafiya ba ta ɓuya? Rawaya ce shar, tana zaune kan ganye ko gezau, ko ka matso ba ta damu ba.

Aisha: Inna, don ta san ba mai cin ta. Ganyen tumfafiya take ci, gubar da ke cikin farin ruwan nan ta taru a jikinta. Tsuntsun da ya ɗanɗana sau ɗaya ba ya ƙarawa, launin kuma shi ke tuna masa. Ita talla take yi, ba ɓuya ba.

Maman Khalifa: Shi ya sa tun muna yara ake hana mu haɗa ta cikin kamu.

Sista Hadiza (Arkilla): Ku yi haƙuri in ɓata muku hira. Kuna ta yaba gwanaye, ni kuwa waɗanda gwanintar ta kwantar nake gani a gadon asibiti. Kasa da kububuwa. Lokacin shara da lokacin girbi su ne lokutan da aka fi kawo mana sara, kuma kusan kowa magana ɗaya yake yi: ban gan ta ba. Ƙanen mijina ma haka ta same shi bara wajen ɗaga damin gero. Aka ɗaure ƙafar tamau, aka tsattsaga, aka yini ana jiƙe-jiƙe. Sai da dasashinsa ya fara jini aka kawo shi, asibitin farko kuma ba su da allurar, sai da muka ƙara gaba. Allah ya yi da sauran kwanansa. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, tsagar nan ƙara masa hanya ce. Don Allah kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko abin hannu, a hana wurin motsi, a nufi asibiti. Ba banza aka yi asibiti guda na saran maciji a Kaltungo ta jihar Gombe ba.

Kawu Maharbi: Kububuwa ko tana gargaɗi, tana murza jikinta ka ji awa an zuba ruwa cikin mai mai zahi. Kasa ita ta mugunya. Mutane na cewa barci gare ta. Ba barci ba na, kwanto na. Tana kwana da kwanaki wuri guda tana jiran ɓera. Kuma abin da ban gane ba har yau, karnukana na tada zomo tun daga nesa, amma na sha ganin kare ya ƙetare kasa bai sani ba.

Malam Nasiru: Kawu, abin da ka gani an gwada shi. A 2015 masu bincike a wata jami'a a Johannasbag ta Afirka ta Kudu sun horar da karnuka da wasu 'yan dabbobi dangin tunku su gane warin macizai. Sun gane na sauran, sun gane har saɓar da kasa ta yar, amma ita kasar mai rai suka kasa. Ke nan ba ido kaɗai take ɓoye wa ba, har hanci.

Kawu Maharbi: To ku ji. Ashe ba karnukana ad da laihi ba. Na ko sha zaginsu.

Modu: Na janye hawainiya. A ba kasa rawanin, amma a aika mata da shi, ni ba zan kai ba.

Buba: Karo na farko da Babarbare ya yi hankali.

Umaru Basarke: Ba a gama ba fa. Ba wanda ya ambaci kada, da ke shawagi kamar gungume, ido da hanci kawai a waje.

Ɗan Fadama: Salamu alaikum, na dawo da labari tunda kwana tara ke nan ana tambayata ta bayan fage. Na kafa kara uku kewaye da wurin don kada masu shara su taka, na kuma hana a sa wuta a ɓangaren. Yau na je, ɓawon ƙwai kawai na tarar, uwar ba ta wurin. Na ɗauka wani abu ya cinye. Ina cikin dubawa sai ta tashi daga gindin wata sabara can gefe, ta faɗi gabana tana jan fiffike kamar ya karye.

Kawu Maharbi: Ta ƙyanƙyashe ke nan. Janye ka takai daga wurin ɗiyan. Suna nan inda tat tashi, kada ka matsa, kana iya taka su ba ka sani ba.

Ɗan Fadama: Ban matsa ba, Kawu. Daga inda nake tsaye na ɗauki hoton gindin sabarar, ga shi nan. Ni dai na duba har idona ya yi ruwa ban ga komai ba.

Maman Khalifa: Wannan karon nawa ne katin?

Ɗan Fadama: Babu kati, Inna. Ni ma nema nake.

Kawu Maharbi: Na ga guda, dama ga busasshen kashin shanun ga. Na biyun ku ba ni lokaci in ɗauko tabarau.